Iyaka, Takarda da Kuɗin Fito: Sharhi kan Ƙa'idojin Shiga da Fita a Ƙasar Damagaram

Dokokin ƙetare iyaka a ƙasashen zamani an gina su ne a kan tambayoyin da ma'aikaci yake yi wa matafiyi a bakin shinge, wato ko shi wane ne, da abin da ya ɗauko, da kuma ko jikinsa ko abin hawansa na ɗauke da wani haɗari ga ƙasar da zai shiga. Tambayar farko ta ƴan sandan kan iyaka ce, ta biyu ta ma'aikatan duwan ce, waɗanda a Najeriya ake kira kwastan, ta ƙarshe kuwa ma'aikatan lafiya da masu duba takardun mota ne suke raba ta a tsakaninsu. Matafiyin da waɗannan dokoki suka ɗauka a zuci shi ne mai fasfo da akwati, wanda ya bar ƙasarsa zuwa ƙasar da ba tasa ba, alhali mafi yawan masu ƙetare iyakar kudancin jihar Damagaram masu cin kasuwar mako ne, da makiyaya, da almajirai, da mata masu zuwa biki ko gaisuwar rasuwa a gidan danginsu. Tazarar da ke tsakanin matafiyin da doka ta zana da matafiyin da ke kan hanya ita ce tushen kusan duk wata matsala da ake fama da ita a wannan iyaka.

Biyan kuɗi kafin a wuce da kaya ya girmi iyakar kanta da shekaru masu yawa. A ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884 bayan ya ƙarfafa ganuwar Birni ya kuma tara bindigogi da igwa, Zindar ta kasance mahaɗar hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi Gat da Agadas da Damargu zuwa Kano, da kuma hanyar da ta nufi Kukawa, inda sarakunan Damagaram suke kai gaisuwa ga Shehun Barno. Ayarin fatake yakan sauka a Zango, unguwar baƙi da ke wajen ganuwa, inda Buzaye da Larabawan Gadamus da attajirai irin su Malam Yaro suke da gidaje, kuma a nan ake sauke gishirin Bilma da kanwa da tufafi, a ɗora fatu da gashin jimina, har da bayi, waɗanda cinikinsu ya kasance babban ɓangare na dukiyar masarautar. Madugu, wato shugaban ayari, shi yake tattara garama daga hannun fatake gwargwadon yawan dabbobin kowa, ya kai wa masu ƙasa tare da gaisuwa, a wurin ƙetare kogi kuma a biya kuɗin fito. Baƙo ba ya buƙatar takarda, domin mai masaukinsa shi ne shaidarsa, shi yake tsaya masa a gaban sarki, ya nemo masa dillali, ya kuma ɗauki alhakin abin da ya aikata. Tsarin yana da nasa zalunci, domin ayarin da ya rasa mai tsaya masa yana iya rasa dukiyarsa gaba ɗaya, amma ɗan fatauci ya san abin da zai biya, ya san wanda zai biya, ya kuma san cewa abin da ya saya da kuɗinsa shi ne aminci a hanya da izinin cin kasuwa.

Iyakar da ake gani a yau an fara zana ta ne a Turai, da sanarwar Ingila da Faransa ta watan Agusta na 1890, wadda ta ja layi daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Cadi. Yarjejeniyar Yuni 1898 ta zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100, abin da ya tura hanyar Faransawa zuwa cikin ƙasar da babu rijiyoyi, don haka bayan sun ci Damagaram a yaƙin Tirmini cikin Yuli 1899, sai suka tarar ba su da hanyar da ayarinsu zai bi daga kogi zuwa Zindar ba tare da ƙishirwa ta halaka shi ba. Wannan buƙata ta ruwa ce ta sa aka sake gyara layin a 1904 da 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi shi da ƙafa tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamomi 148. An yi ƙoƙarin bin iyakokin masarautu a wasu wurare, amma garuruwan Zango da Ɓaure na ƙasar Daura, waɗanda suka daɗe a ƙarƙashin inuwar Damagaram bayan jihadi, sun faɗa hannun Ingilishi, garuruwan da ke arewa da su kuma, masu harshe ɗaya da aure ɗaya da kasuwa ɗaya, suka zama na Faransa. Masanin siyasa William Miles ya yi nazarin wannan rabuwa a ƙauyukan Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta ƙasar Magarya, waɗanda tafiyar ƙafa ce kawai ke tsakaninsu.

Tun daga farko masu mulkin mallaka sun gane cewa karɓar haraji a wannan layi yana da wuya. Harajin ayari da gwamnatin Lugard ta ɗora a arewacin Najeriya an soke shi a 1907, wuraren duwan da Faransawa suka kafa gab da yaƙin duniya na ɗaya kuma ba su daɗe ba aka janye su, domin abin da suka haifar shi ne kaucewar fatake zuwa hanyoyin daji da ƙaurar mutane zuwa kudu. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta auka wa Tarabulus, ta juya fuskar Damagaram daga hamada zuwa kudu baki ɗaya, kuma daga baya gyaɗar Magarya da Matamaye ta riƙa bin wannan hanya zuwa teku. Faransa ta yi ƙoƙarin karkatar da ita ta Dahome da shirin jigilar da ta fara a 1953, Nijar mai ƴanci kuma ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don ya mallaki sayen gyaɗa, amma manomi ya ci gaba da kai buhunsa duk ɓangaren da farashi ya fi kyau. Bambancin kuɗi ya ƙara wa lamarin ƙarfi, domin sefa tana ɗaure da kuɗin Faransa, daga baya da yuro, naira kuwa tana hawa da sauka, kuma duk ranar da ɗaya ta motsa sai alƙiblar kaya ta sauya, kamar yadda aka gani bayan karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Abin lura ne cewa kalmar fito ta tattara ɓangarorin biyu, domin kuɗin fito shi ne harajin da ake biyan hukuma, ƴan fito kuma su ne masu ƙetarar da kaya ta bayan idonta.

Ƙa'idar da ta shafi mutum, a rubuce, mai sauƙi ce. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO, an sa mata hannu a Dakar ranar 29 ga Mayu 1979, kuma ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin ya bi ta mashigar da hukuma ta sani, yana riƙe da ingantacciyar takardar tafiya da takardar shaidar allurar rigakafi. Biza ita ce izinin shiga da ofishin jakadanci yake bugawa a fasfo tun kafin tafiya, kuma har yanzu ana neman ta daga mafi yawan baƙin da suka zo daga wajen Afirka ta Yamma. An ƙirƙiro ɗan littafin tafiya na ƙungiyar a 1985 don masu ƙaramin ƙarfi, fasfo na bai ɗaya a 2000, sa'an nan a 2014 aka amince da katin shaida mai ɗauke da zanen yatsa. Sai dai yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa ikon hana shiga ga wanda dokarta ta cikin gida ta ce bai cancanta ba, kuma ta wannan ƙofa ce gwamnatoci suka riƙa janye abin da suka bayar, kamar yadda Najeriya ta yi a Janairun 1983 da ta kori baƙi marasa takardu, ciki har da ƴan Nijar masu yawan gaske.

Takardar lafiyar da ake magana ita ce katin allurar shawara mai launin ɗorawa, wanda yake fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka babu hujjar cewa katin ya tsufa. Mai mota kuwa yarjejeniyar ta ba shi kwana 90 idan motar gida ce, kwana 15 idan ta haya ce, da sharaɗin lasisin tuƙi, da takardar mallakar mota, da takardar duwan mai nuna cewa motar za ta koma inda ta fito, da inshorar da ke aiki a ƙasashen biyu, wadda aka tsara tun 1982 da sunan kati mai ruwan ƙasa.

Wahalar tana cikin abin da ke ƙarƙashin takardar tafiya. Fasfo da katin ɗan ƙasa duka suna tsaye ne a kan takardar haihuwa, kuma a karkarar Dungas da Magarya da Kance akwai manya da yawa da aka haifa a gida ba a rubuta su ko'ina ba, waɗanda sai sun je gaban alƙali da shaidu kafin a ba su hukuncin da zai maye gurbinta. Wanda ya samu fasfon ma sau da yawa mashigar hukuma, irin su Ɗan Barto da ke fuskantar Kwangwalam a hanyar Daura, ko Tinkim da ke fuskantar Babban Mutum a hanyar Kano, tana nesa da ƙauyensa fiye da kasuwar da yake son ci, ko ta Maigatari ranar Alhamis ko ta Mai'aduwa ranar Lahadi. Sakamakon haka dubban mutane suna ƙetarewa kowane mako a matsayin da doka ba ta san da shi ba, ma'aikaci ba ya iya mayar da su duka, ba ya kuma iya cewa sun cika sharaɗi, sai lamarin ya koma ciniki tsakaninsa da ɗan kamasho ko direba, a biya abin da ake kira na goro ba tare da rasit ba. Hukumar sa ido da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta kafa don ƙirga shingaye da jinkiri da kuɗin da ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba a manyan hanyoyin yankin ta nuna cewa wannan ɗabi'a ta game Afirka ta Yamma, amma nauyinta ya fi danne wanda ba shi da takarda, domin shi ne ba ya da bakin musu.

Ƙa'idar kaya ta fi ta mutum sarƙaƙiya. Kayan jikin matafiyi da guzurinsa ba a biya musu komai, kayan sayarwa kuwa wajibi ne a bayyana su, wato a faɗa wa duwan irinsu da yawansu da darajarsu da ƙasar da aka yi su, domin a kan waɗannan ake lissafin haraji. Tun Janairun 2015 ƙasashen ECOWAS suka soma aiki da jadawali ɗaya ga kayan da suka fito daga wajen yankin, mai matakai biyar: sifiri ga kayan buƙatar jama'a irin su magunguna, kashi 5 cikin ɗari ga kayan masarufi da ɗanyun kaya da injuna, kashi 10 ga kayan da za a ƙara sarrafawa, kashi 20 ga kayan da aka gama, da kashi 35 ga waɗanda ake son kare masana'antun gida daga gare su. A kan wannan Nijar take ƙara harajin ƙarin daraja na kashi 19 da wasu ƙananan kuɗaɗe, kuma darajar da ake lissafi da ita ta haɗa da kuɗin jigila da inshora, abin da yake da nauyi ga gari irin Zindar da ke nesa da kowace tashar jiragen ruwa. Amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu da aka samar a cikin yankin kuwa, tun 1979 aka ce su wuce ba harajin shiga. A ƙa'idar ECOWAS ke nan ragon Tanut da waken Matamaye da masarar Kano da tabarmar kaba ba su da abin biya na shiga, kodayake akwai kuɗin fitarwa da na duba lafiyar dabba, kuma ɗan kasuwar da bai san inda wannan ya tsaya wancan ya soma ba shi ne ake yi wa lissafi yadda aka ga dama.

Babban kuɗin iyakar yana cikin abin da ake kira sake fitarwa, wato a shigo da kaya Nijar bisa doka daga tashar Kwatano ko ta Lome, a biya mata harajinta, sa'an nan a tura su Najeriya inda aka hana su ko aka tsauwala musu haraji. Atamfa da taba sigari da gwanjo da shinkafa da tsofaffin motoci duk sun bi wannan hanya, kuma masanin Faransa Emmanuel Grégoire ya nuna yadda ta gina dukiyar alhazan Maraɗi, waɗanda takwarorinsu na Damagaram suka bi sahunsu. Kaya ɗaya halal ne a arewacin layi, fasa-ƙwauri ne a kudancinsa, baitulmalin Yamai yana cin moriyarsa, Abuja kuma tana ganinsa a matsayin zagon ƙasa ga manomanta, shi ya sa ta hana shigo da shinkafa ta ƙasa a 2016 da motoci a farkon 2017. Man fetur ya bi kishiyar hanya shekaru da yawa, domin tallafin gwamnatin Najeriya ya sa ya fi arha ƙwarai, ƴan ruwa-ruwa suna shigo da shi a jarkoki ana sayarwa a kwalabe har a cikin Zindar, garin da matatar SORAZ mai tace ganga 20,000 a rana take kusa da shi tun 2011. Cire tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023 ya rage wannan ciniki fiye da duk wani sintiri da aka taɓa yi, kuma hakan ya isa shaida cewa bambancin farashi ne yake tuƙa fito, shinge kuwa iyakarsa ya ƙara masa tsada.

Rufe iyaka ita ce dabarar da ta fi kowace cutar da talaka. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe ta a Afrilun 1984 lokacin canjin kuɗi, ba a kuma buɗe ta ba sai Maris 1986, rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan El Buhari. An sake rufewa a Agustan 2019, aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuma da aka buɗe a Disamban 2020 Maigatari na cikin mashigai huɗu na farko. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin ECOWAS ya sake toshe ta har zuwa Maris 2024. A kowane karo manyan ƴan kasuwa sun sami hanyar daji da masu rakiya, babura da amalanke suka maye gurbin manyan motoci, farashin hatsi da magani ya tashi, mai akuya biyu da marar lafiyar da ke neman asibitin Kano kuma suka ɗauki asarar. Nijar ma tana amfani da irin wannan makami daga nata ɓangaren, domin a Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina sai Mali da Burkina Faso, a Mayun 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gab da babbar salla, matakin da ya sauƙaƙa wa mai sayen rago a birni ya kuma hana makiyayi kasuwarsa mafi tsoka a shekara.

Ta fuskar arewa tarihin ya ɗauki wani launi. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga cikinsu ƴan ƙasar Kance, bayan motocinsu sun lalace. Dokar hana safarar baƙin haure ta Mayun 2015, wadda Tarayyar Turai ta ƙarfafa aiwatar da ita, ta mayar da jigilar matafiya arewa da Agadas laifi, har ta shafi ƴan ECOWAS da ke da haƙƙin yawo a cikin Nijar, direbobi kuma suka koma hanyoyin da ba rijiya. An soke ta a Nuwamban 2023.

Halin da ake ciki yanzu na wucin gadi ne, kuma nan ne haɗarin yake. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a Satumban 2023, ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ranar da ƙawancen ya ƙaddamar da fasfo nasa. Ƙasashen uku sun sanar cewa ƴan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, ECOWAS kuma ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin da ke ɗauke da tambarinta, su kuma bar kayan ƙasashen uku a kan tsohon tsari har sai an ba da wata sanarwa. A cikin wannan watan na Janairu Nijar ta fitar da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi, mai tanadin kora da ɗauri da tara ga wanda ba shi da takardu, a Maris kuma ƙawancen ya ɗora harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da suka fito daga wajen ƙasashensa. Abin da a da yake haƙƙi ne da yarjejeniya ta kafa ya koma alfarma da sanarwa take riƙe da ita, kuma sanarwa tana iya sauyawa cikin dare ɗaya, ma'aikacin da ke Tinkim ya ji labari kafin matafiyin da ya taso daga Ɓaɓura.

Ƙasa tana da hujjar sanin mai shigowa cikinta, musamman a lokacin da makamai da ƙwayoyi suke yawo a Sahel, kuma Nijar ba za ta iya yafe kuɗin duwan ba, domin babban kaso ne na abin da take tarawa a cikin gida. Amma dokar da mafi yawan masu bin hanya ba za su iya cikawa ba tana hana hukuma sanin kowa, tun da tana tura mai gaskiya da mai laifi hanyar daji ɗaya. Gyaran da ya dace da Damagaram bai dogara da sulhun ECOWAS da AES ba, domin tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya mai mazauni a Yamai, wadda za ta iya tsara katin mazauna iyaka mai arha da zai bai wa mutanen gundumomin Magarya da Dungas da Kance da maƙwabtansu na Daura da Gumel damar ƙetarewa zuwa wani nisa da aka ƙayyade, da sa hannun hakimai da masu gari waɗanda har yau su ne suka san kowa da gidansu. Tare da haka ana buƙatar a ƙayyade yawan buhu da dabbar da za a ɗauka a matsayin cinikin kasuwar mako, a rubuta kuɗin da ya halatta a allo da boko da ajami a Ɗan Barto da Tinkim da Maigatari, a karanta shi a gidajen rediyon karkara a jajibirin kasuwa, kuma kowace dala da aka karɓa a ba da rasit ɗinta.